Golf GTI ko Toyota 86: wacce ce motar direba ta gaske?

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da magana, na kuma san ba za ta yi wa masu Golf daɗi ba, amma a yi haƙuri a saurare ni. Duk ƙarfin da za a ƙara wa Golf, ko an rubuta mata GTI ko R a baya, ko an ja mata jan layi a hanci, motar kai yara makaranta ce da aka ƙara wa inji. Motar sifot ta gaskiya tun a takardar zane ake raba ta da sauran: ina direba zai zauna, ina nauyi zai kwanta, wace taya ce za ta tura. Ku ɗauki Toyota 86 ta 2012. Injinta kwance yake, silinda biyu dama biyu hagu, don nauyi ya sauka ƙasa. Tayoyin baya ne ke turawa, na gaba aikinsu juya kai kawai. Kashi 53 na nauyinta a gaba, 47 a baya. Golf kuwa wajen kashi 60 na nauyinta yana kan tayoyin gaba, kuma su ɗin ne ke ja, su ke juyawa, su ke ɗaukar mafi yawan birki. An ɗora wa taya biyu aikin taya huɗu. Wannan ba motar sifot ba ce, ko da ta fi gudu.

Mai GTI: Wa alaikumus salam. Malam, ai da bakinka ka ce "ko da ta fi gudu". To ta fi ɗin. GTI ta biyar, wato samfuri na biyar, wadda ta fito 2004, ƙarfin doki 200 gare ta, daidai da 86 ɗinka wadda ta zo bayan shekara takwas. Amma ƙarfin juyin injin GTI 280 ne, na 86 kuwa 205, kuma na GTI yana zuwa tun inji bai yi ihu ba saboda turbo. Ka zo mu hau hanyar Daura, a bayan tirela, ka ga wa zai fara wuce ta ya koma hannunsa lafiya. Kai sai ka sauke giya biyu, ni taka totur kawai zan yi.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Miƙaƙƙiyar hanya ba ta gwada mota, Yaya. Ko babbar jif mai silinda takwas za ta wuce mu duka a miƙe. Kwana ce ke gwada mota.

Mai GTI: To kwana nawa ce tsakanin Katsina da Mashi?

Injiniya Daura: Salam. Bari in shiga tsakaninku da bayani, domin abin da Ɗan Ƙofar Ƙaura ke faɗa yana da tushe, sai dai bai fito da shi fili ba. Kowace taya tana da iyakar riƙon da za ta iya yi wa kwalta. In ka kashe rabin riƙon wajen jan mota gaba, rabi ne ya rage maka na juyawa. Shi ya sa in ka shiga kwana da mota mai jan gaba ka taka totur da wuri, sai ka ji ka murɗa sitiyari amma hancinta yana miƙewa waje. In kuma ƙarfin ya yi yawa, sitiyarin kansa yana fizgar hannunka dama da hagu lokacin tashi. A mai jan baya ba haka abin yake ba. Sitiyari ba ya ɗauke da nauyin inji, don haka abin da kake ji a tafin hannunka labarin hanya ne zalla. Kuma in ka taka totur nauyin mota baya yake komawa, ya danne tayoyin da ke turawa, su ƙara kamawa. A mai jan gaba nauyin gudu yake daga tayoyin da ke buƙatarsa. Wannan ba ra'ayi ba ne, haka halittar abin take.

Sai dai kamfanoni ba su zauna ba. Honda ta canza fasalin ƙafar gaba ta Civic Type R ta yadda sitiyari ba ya fizga, ta sa mata na'urar da ke hana taya ɗaya juyawa a banza a cikin kwana. A 2017 motar, da ƙarfin doki 320 duk ta tayoyin gaba, ta zagaye hanyar tseren mota ta Nürburgring a Jamus, mai tsawon fiye da kilomita 20 da kwanoni sama da ɗari, cikin minti 7 da daƙiƙa 43.8. Akwai motocin sifot masu suna da yawa na shekarun baya da ba su taɓa yin wannan lokaci ba.

Mai GTI: Madalla da Injiniya. Ga kwana an kawo maka, Malam. Sai me kuma?

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Na ji daɗi da aka kawo wannan hanya, don hujjata tana can. Ku duba waɗanda suka riƙe kambun masu jan gaba a wurin. Golf GTI Clubsport S ta yi 7:49 a 2016. Me Volkswagen ta yi mata kafin nan? Ta cire kujerun baya. Renault Mégane Trophy-R ta yi 7:40 a 2019. Ita ma an cire kujerun baya, an rage mata wajen kilo 130. Wato duk ranar da suka so motar iyali ta yi abin da motar sifot ke yi, sai sun fara korar iyalin daga ciki. Me ya rage na alfaharin "tana ɗaukar mutum biyar da buhun shinkafa"?

Injiniya Daura: Ban da Civic. Ita da kujerunta ake sayar da ita.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Ɗaya ce cikin uku, Injiniya.

Tsohon Direba: Assalamu alaikum yarana. Ni zamanin Fijo na yi tuƙi, lokacin da ake haɗa 504 a Kakuri ta Kaduna. Ina so in tuna maku cewa 504 da tayar baya take turawa. Marsandi 190 ma haka, da wadda kuke kira V-but. Tasi muka yi da 504 daga nan zuwa Kano, zuwa Maraɗi, cike da fasinja da kaya a sama. Ba wanda ya taɓa kiranta motar sifot, alhali ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975. Saboda haka in jan baya ne kaɗai ma'auni, to mu duka tsofaffin direbobin tasha motar sifot muka tuƙa. A nemo wani ma'aunin.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Allah ya ƙara girma Baba. Ba jan baya kaɗai ba ne, niyyar da aka gina motar a kai ce. An gina 504 don ta jure gargada da kaya, ta kuma jure. An gina Mazda MX-5 a 1989 don abu ɗaya tak. Kujera biyu, nauyinta bai kai tan ɗaya ba, ƙarfin doki ɗari da 'yan kai, nauyi rabi gaba rabi baya. Masu zanenta sun ce abin da suke nema shi ne direba da mota su zama kamar mahayi da dokinsa. Baba, kai ka fi ni sanin filin folo na Katsina. Dokin folo ba ya fin kowane doki gudu a miƙe, amma da ɗan motsin gwiwa yake juyawa, yana tsayawa inda mahayi ya yi niyya kafin ya ja linzami. Dokin da ke jan amalanke yana iya fin shi ƙarfi. Ba a shiga fili da shi.

Tsohon Direba: Wannan magana ta shiga. Amma shi ma dokin folo ba a zuwa kasuwar Charanchi da shi, kuma mai shi yana da wani abin hawan a gida.

Hajiya GRA: Baba ya taɓo inda nake jira. Salam gare ku duka. Ina karanta ku tun ɗazu, kowa yana maganar Jamus, ba wanda ya yi maganar titin gidansa. Ni Golf nake tuƙawa, ba GTI ba ma, kuma ina son tuƙi ƙwarai, ba don dole ba. A gidajenmu mota ɗaya ce ke yin komai. Ita za ta kai yara islamiyya, ita za ta je biki Funtuwa da mata huɗu, ita za ta kai mara lafiya asibiti da tsakar dare. Mutumin da ya sayi mota mai kujera biyu a garin nan ya riga ya gaya wa danginsa cewa kada su sa rai da shi ranar buƙata. Abin da ya sa nake ganin wanda ya ƙirƙiro GTI ya fahimci rayuwar mutane shi ne bai ce sai ka zaɓi tsakanin jin daɗinka da haƙƙin iyalinka ba.

Mai GTI: Hajiya, Allah ya saka da alheri. Tarihin ma haka yake. Wasu 'yan injiniyoyi ne a Volkswagen suka fara aikin a bayan fage, kamfanin ya amince da ƙyar, aka yi niyyar ƙera 5,000 kawai a 1976. Inji lita 1.6, ƙarfin doki 110, nauyi kilo 810, gudu kilomita 182 a awa. Kafin a daina wannan samfurin na farko an ƙera sama da 450,000. A shekarun ne ƙananan motocin sifot na Ingila irin su MG da Triumph suka mutu. Mutane sun ga mota mai rufi, mai but, wadda ba ta yoyo da damina, kuma ta fi su gudu. Kasuwa ta yanke hukunci tun tuni.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: In kasuwa ce alƙali, MX-5 ta wuce miliyan ɗaya tun 2016. Ba ta mutu ba. Hajiya kuma, da girmamawa, ban ce Golf ba ta da amfani ba. Ta fi amfani nesa ba kusa ba. Cewa na yi a kira kowace da sunanta. Mai amfani daban, mai daɗin tuƙi daban. Ita 86 ma tana da kujerun baya.

Hajiya GRA: Na ga kujerun. Yaro ɗan firamare ne kawai zai zauna a ciki, shi ma sai in na gaba ya matsa.

Bakaniken Ƙofar Ƙwaya: Salam alaikum iyayen gida. Ni ƙarƙashin mota nake wuni, bari in faɗi abin da ake gani daga ƙasa. Dukansu biyun ba don ƙasarmu aka yi su ba, amma wahalarsu ba iri ɗaya ba ce.

Na farko mai. GTI daga ta biyar zuwa sama turbo ce, kuma kai tsaye take fesa fetur cikin silinda. Tana son fetur mai daraja, irin mai lamba 95 ko 98 na Turai. Namu bai kai nan ba, wani lokacin ma da gauraye. Kwamfutar motar tana jin inji ya fara ƙwanƙwasa sai ta ja da baya da wuta don ta kare shi, ka ga ƙarfin doki 200 ɗin da ke takarda ba shi ne a ƙafarka ba. Ƙara da zafin watan Afrilu da ya wuce digiri 40, iskar da turbo ke turawa ta yi zafi, ƙarfi ya sake raguwa. Sannan a ta biyar da ta shida, da yake fetur ba ya bi ta kan bawul ya wanke su, baƙin dauɗa yana taruwa a kai, sai an buɗe an kankare. Amma kada masu 86 su yi murna. Ba ta da turbo, gaskiya ne, tana kuma da fesa biyu da ke wanke bawul, amma matsin silindarta yana da yawa, 12.5 ne, ita ma fetur mai daraja take nema.

Na biyu ƙasa. Duk wanda ya bi unguwanninmu ya san tudun rage gudu da mutane ke ginawa da kansu, wani kamar kunyar gona. GTI ma tana gogar ciki, balle wadda aka yi ta don ta kwanta. Taya kuma mai siririn gefe rami ɗaya ya ishe ta, da ita da rim ɗin.

Na uku, kuma shi ne babba, kayan gyara. Golf ta cika arewa. Ka je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ƙafarta, fitilarta, gilashinta, ƙofarta, duk za ka samu, saboda jikin GTI jikin Golf ne. Wannan abin da Oga Ɗan Ƙofar Ƙaura ke raina ta da shi, shi ne ke rayar da ita a nan. In ɗan keke Napep ya fasa maka fitilar 86 ko ta MX-5, sai an aika Ladipo a Legas, in ba a samu ba a yi odar ta daga waje, mota tana zaune ƙura tana hawa.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Oga, ban musa ko ɗaya ba. Amma duk abin da ka lissafa laifin hanya ne da kasuwa, ba na motar ba.

Bakaniken Ƙofar Ƙwaya: Haka ne maigida, sai dai a hanyar da kasuwar za ka tuƙa ta.

Injiniya Daura: Akwai wani abu da zai rikita rabon da muke yi. Peugeot 205 GTI ta 1984 ana sa ta cikin mafi daɗin tuƙi da aka taɓa yi a wannan aji. Mai jan gaba ce, nauyinta bai kai kilo 900 ba, kuma in ka ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana bayanta yana zagayowa. Wato tana amsa ƙafar direba kamar yadda Ɗan Ƙofar Ƙaura ke so. Amma da Peugeot ta tashi shiga gasar rali ta duniya da 205, sai ta ɗauke injin daga gaba ta mai da shi bayan direba, ta sa tayoyi huɗu su ja. Wannan motar, da aka sa wa suna Turbo 16, ita ce ta ci kambun duniya a 1985 da 1986, ta kuma ci Paris-Dakar a 1987 da 1988, lokacin da gasar ke ratsa hamadar Nijar ta Agadez, nan maƙwabtanmu. Fatar 205 ce kawai, cikin wata halitta ce daban. Kowannenku yana iya ɗaukar wannan a matsayin hujjarsa.

Yanzu kuma ga Toyota GR Yaris ta 2020. Sunanta Yaris, amma jikinta mai ƙofa uku nata ne na kanta, rufinta na kabon ne, silinda uku lita 1.6 da ƙarfin doki 261, tayoyi huɗu ke ja, kuma don rali aka zana ta. In niyya ce ma'auni, Malam, wannan a ina za ka sa ta?

Ɗan Ƙofar Ƙaura: A ɓangarena zan sa ta. An gina ta daga tushe don direba. Siffar jikin mota ba ita ce damuwata ba.

Mai GTI: To ka ga ka fara kwashe mana motoci. Gobe in aka kawo BMW M140i, mai silinda shida da jan baya, ita ma ka ce taka ce. A ƙarshe duk wadda ta yi daɗi sai ta zama motar sifot, duk wadda ba ta yi ba a bar mana.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: A'a. Golf R tana da ƙarfin doki 300 zuwa sama, Marsandi A45 S tana da 421 daga lita biyu, duk suna jan taya huɗu, kuma na bar maku su. Sun fi 86 gudu sosai, amma kwamfuta ce ke rabon ƙarfin, giya tana canza kanta, kai dai ka riƙe sitiyari. Toyota da gangan ta sa wa 86 tayoyi marasa riƙo sosai, irin waɗanda ake sa wa Prius, don direba ya ji iyakar motar a gudun da ba zai kashe shi ba. Ka fahimci hikimar? A kilomita 60 tana koya maka abin da Golf R ba za ta nuna maka ba sai ka kai gudun da kuskure ɗaya ya isa.

Shugaban Zaure: Jama'a, muhawara ta yi kyau, amma tunda an zo nan dole in yi magana, don akwai yara matasa a zauren nan. Dokar hukumar kiyaye haɗurra ta ce ƙaramar mota kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Ba mu da filin tseren mota a jihar nan. Hanyar Jibiya, ta Dutsin-Ma, ta Kankiya, duk akwai shanu, akwai babura, akwai yara masu tsallakawa ranar kasuwa. Kowa a nan ya san gidan da aka yi zaman makoki saboda wasan mota ranar ɗaurin aure. Wanda zai yi maganar zamewar bayan mota ya yi ta a matsayin ilimi. Duk wanda ya turo bidiyon ganganci a kan titi zan cire shi, ko wane ne.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Na goyi bayanka ɗari bisa ɗari, Shugaba. Abin da nake karewa ke nan ma. Motar da ke ba ka daɗi a ƙaramin gudu ta fi aminci a kan wadda ba ta farkawa sai a 160.

Hajiya GRA: A nan kam ban yarda ba. Mai jan gaba in ta kuɓuce hancinta ne ke miƙewa, ka ɗaga ƙafa ta dawo. Mai jan baya in ta kuɓuce a kan yashin da iska ke sharowa kan kwalta, juyawa take yi da kai, kuma yawancin direbobinmu ba wanda ya koya masu abin da za su yi a wannan daƙiƙar.

Injiniya Daura: Hajiya ta yi gaskiya a kan tsofaffin. Na yanzu suna da na'urar da ke kama birkin taya ɗaya ɗaya in mota ta fara zamewa, 86 ma tana da ita. Matsalar ita ce masu kashe ta da gangan, da kuma waɗanda fitilar ABS, na'urar da ke hana taya kullewa lokacin birki, ta kama a motarsu suka liƙe ta da baƙin salatif maimakon su gyara.

Ƙaramin Zaure: Salam iyayena da yayyena. Ni ɗalibi ne a nan, na fara aiki ina tara kuɗi. Na ga GTI ta shida a Kano, mai giyar DSG, wato otomatik ta Volkswagen, 'yar Kwatano. Zuciyata tana tare da maganar Yaya Ɗan Ƙofar Ƙaura, amma mota ɗaya zan iya riƙewa, ga tsadar mai tun da aka cire tallafi a 2023, ga mahaifiyata da nake kaiwa Daura. Me zan duba?

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Ƙanena, tunda akwai mahaifiyarka a lissafin, sayi GTI ɗin, ba zan hana ka ba. Amma in da hali nemi mai giyar hannu. Aƙalla ƙafarka ta hagu da hannunka za su koyi wani abu.

Tsohon Direba: Kafin komai ka duba takardun kwastan, yaro. A farkon 2017 an hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa. Ka kai takardun ofishinsu a tabbatar maka, kada ka tsaya ga maganar dillali.

Bakaniken Ƙofar Ƙwaya: Baba ya faɗi na farko. Saura nawa. Ka ce kada a tayar da ita kafin ka iso, kana son jin tashin farko da sanyin safiya. Injin ta shida da sarƙa yake aiki ba bel ba, kuma abin da ke ɗaure sarƙar a samfuran farko yana saki. In ka ji ƙarar kacau-kacau na 'yan daƙiƙu da ta tashi, ka sa kuɗin canza shi a cikin cinikin, don in sarƙar ta tsallake injin ya tafi. Ka leƙa ƙarƙashin famfon ruwa ko akwai alamar yoyo mai ruwan hoda. Giyar DSG tana son a canza mata mai da tata duk kilomita 60,000, kuma nata man daban ne, ba na kowace otomatik ba. Ka sa ta a go-sulo ka ji ko tana fizga daga ta ɗaya zuwa ta biyu, ka sa ta ribas a ɗan tudu ka ji ko tana jinkiri. A jona mata kwamfuta a gabanka, ba a bayanka ba. In rim ɗinta 18 ne, ka nemi 17 ka sa taya mai kauri. Matatar iska kuma da hunturu kada ka jira lokacin sabis, ka riƙa buɗewa kana dubawa. In ka shirya zuwa Kano ka yi mini magana, zan haɗa ka da yarona ya raka ka.